Ramar Ɗakin Baba

Daga ci-rani na dawo da ita,
ƙwaya tara a kwalin ashana,
na cusa a ninkin hula,
na wuce shingen hanya ina murmushin mai gaskiya.

Ɗakin Baba, tun da aka kai shi makwanci,
ba mai shigarsa sai ɓera sai ni.
Buzunsa na nan a rataye,
butarsa ta bushe har bakinta ya tsage.
Nan na jera tsofaffin bokitai uku,
na toshe taga da buhun taki,
na ce wa Inna rama ce nake gwadawa,
irin ta Kudu, ba ta son ido.
Ta ce, "Allah ya sa albarka, Tasi'u.
In ta yi ganye ka ɗebo mini na kwaɗo."

Da dare ina kwance ina lissafi:
babur, ko da na hannu ne,
kwanon rufi a ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka,
bashin Alhaji Barau na takin bara.
Kowane ganye da yatsunsa bakwai,
sai in ga kamar hannu ne ke miƙo mini kuɗi.

Wata Laraba na juya bayan ganye.
Ga su nan, fal,
ƙanana kamar an watsa tsaki,
darɓa ta kwanta tana maiƙo,
tururuwa na hawa suna sauka
kamar 'yan dako ranar kasuwar Gujungu.
Ƙofa a kulle. Taga a toshe.
Makulli a wuyana ko wanka zan shiga.
Ta ina suka bi?
Wa ya ba su labari?

Na murtsuke su da babban yatsa
har farcena ya rine kore.
Na barbaɗa toka, na jiƙa darbejiya,
na zage su da sunan da ban san suna da shi ba.
Gari ya waye sun haihu,
jikokinsu ma sun haihu.

Na sami Malam Sha'aibu, malamin gona,
a gindin tsamiya yana gyaran feshinsa.
Na ce, "Malam, ramata ce ba lafiya."
Ya ce, "Tsinko ganye ɗaya in gani."
Na ce tana da ɗan nisa.
Ya ce, "Ga babur, hau mu je."
Na tsaya ina sosa ƙeya.
Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana duba,
ya ce, "Shukar da ba ta ganin rana, ba ta ganin baƙo,
ba a koya mana maganinta ba."

Ganye ya nannaɗe, ya yi rawaya,
yatsun nan bakwai suka dunƙule
kamar hannun mai rowa.
Babur ya tafi.
Kwano ya bi shi.
Alhaji Barau kaɗai ya tsaya inda yake.

Ran Juma'a na dawo daga masallaci,
ƙofar a buɗe, ƙura na fita.
Inna ce, da tsintsiya,
da makullin Baba na biyu a gefen zane.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Shekara hamsin ina tsinkar rama, Tasi'u.
Ko a duhu na san ƙamshinta.
Na so in yi magana,
sai na ga ƙwari sun riga ni."

Ni da kaina na cire buhun daga taga.
Hasken ya faɗo kan buzun Baba,
na kasa kallonsa.

Bokitan suna tsakar gida yanzu,
barkono ne a ciki, kaji na leƙe.
Jiya na juya bayan ganye,
ga su nan kuma, dangin na da.
Na tsinko ɗaya,
na riƙe shi a fili, a tafin hannu,
na bi ta tsakiyar gari zuwa gindin tsamiya.